ABIN DA KE KAWO FAƊUWA DA FARFAƊIYA GA DOKI

Doki dukiya ce mai daraja, kuma faɗuwarsa farat ɗaya na iya jawo asarar dabba har da ran mahayi. Faɗuwa alama ce ta wata cuta da ke ɓoye, saboda haka sai an gano sanadinta kafin magani ya yi amfani.

Suma da farfaɗiya

Dokin da ya suma yakan zube ne jiki a sake, sa'an nan ya farfaɗo cikin ɗan lokaci. Wannan yawanci daga zuciya ne, domin jini ya kasa isa ƙwaƙwalwa. Mai farfaɗiya kuwa jikinsa yakan sandare, ya yi ta shure-shure, idanu su juye, kumfa ta fito daga baki. Wannan yana nuna cewa ƙwaƙwalwa ce ta taɓu.

Manyan dalilai

1. Zafi da gajiya. Sukuwa ko doguwar tafiya cikin rana tana ƙarar da ruwa da gishirin jiki ta hanyar gumi. Zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin awo 37.5 da 38.5, bugun zuciyarsa kuma 28 zuwa 44 a minti ɗaya idan yana hutawa.

2. Ciwon zuciya. Bugu yakan rikice, ko babbar jijiyar jini ta fashe, musamman ga tsohon ingarma a lokacin gudu.

3. Gurɓataccen abinci da guba. Masarar da ta yi funfuna tana ɗauke da dafin da ke ruɓar da ƙwaƙwalwa. Haka kuma maganin ƙwari da na ɓera suna kawo farfaɗiya. Abincin kaji mai sinadarin monensin yana lalata zuciyar doki ko da kaɗan ya ci.

4. Cututtuka. Haukan kare, da sammore wanda ƙudaje masu cizo ke yaɗawa, suna iya kama ƙwaƙwalwa. Ciwon dawakin Afirka, wanda wasu ƙananan ƙwari ke yaɗawa da magariba da dare, yana cika huhu da ruwa har doki ya faɗi.

5. Rauni a ka. Dokin da ya yi tsaye da ƙafafun baya ya kife, ƙeyarsa ta bugi ƙasa, yana iya fara farfaɗiya nan take ko daga baya.

6. Allurar da ba ta bisa ƙa'ida. Penisilin da ake yi a tsoka, idan ta shiga jijiyar jini, tana kayar da doki cikin daƙiƙoƙi.

7. Rashin barci. Doki yana gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai nauyi sai ya kwanta. Wanda aka ɗaure da gajeriyar igiya a turke kwana da kwanaki yakan durƙushe bisa gwiwoyinsa.

8. Ƙarancin sinadarin kalsiyam ga goɗiya mai shayarwa.

Abin da ya kamata a yi

Idan doki ya faɗi, a ja da baya, a kawar da yara, a kuma janye duk abin da zai ji masa rauni. Kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, domin zai iya wucewa huhu. Kada a sa hannu a bakinsa, saboda haukan kare yana kama mutum ta miyau. Idan zafi ne sanadi, a riƙa kwara masa ruwan sanyi a yi masa inuwa.

A kira likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba. A faɗa masa tsawon lokacin da abin ya ɗauka, da abin da dokin ya ci, da duk maganin da aka ba shi. Idan ya mutu, kada a feɗe shi sai ma'aikatan dabbobi sun duba. Za su iya aika samfuri zuwa Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, Jihar Filato.

Dokin da ya taɓa faɗuwa kada a sake ɗora masa sirdi sai likita ya ba da izini.