Daga Herat Zuwa Unguwar Fezzan: Gasar Da Ba A Cin Ta Da Hannu Ɗaya

Unguwar Fezzan ta Maiduguri ta samo sunanta ne daga fatake mutanen Fezzan ta ƙasar Libiya, waɗanda suka riƙa keto Sahara cikin ayari zuwa Borno. Duk wanda ya san sha'anin ayari ya san in raƙumin wani ya durƙusa, kowa tsayawa yake yi. To, a zamanin nan akwai wata gasa ta 'yan makaranta da aka gina a kan irin wannan doka.

Sunanta FIRST Global Challenge. Wani Ba'amurke mai ƙere-ƙere, Dean Kamen, shi ya kafa ta, aka yi ta farko a birnin Washington cikin watan Yuli na 2017, ƙasashe fiye da 150 suka halarta, har da Nijeriya. Kowace ƙungiya ana aika mata da kayan haɗi iri ɗaya, watau ba a bar mai kuɗi ya fi talaka ba. Yara su ɗinka mutum-mutumi da kansu. A shekarar 2017 aikinsa shi ne ya rarrabe ƙwallaye, shuɗi a matsayin ruwa mai tsabta, mai ruwan goro a matsayin ƙazanta.

Abin lura kuwa shi ne tsarin wasan. Ƙasa uku ake haɗawa su kara da wasu uku, in an sake zagaye a sake abokai. Wanda ka kayar da safe, da la'asar makinka yana hannunsa. Saboda haka in injin maƙwabcinka ya ƙi tashi, gara ka ɗauki sukuddireba ka je ka taya shi, ko da ba ka jin yarensa.

Waɗanda suka fi shiga ran jama'a a waccan shekara 'yan mata shida ne daga Herat ta Afganistan. Sau biyu suna yin doguwar tafiya zuwa Kabul neman biza, sau biyu ana hana su. Yaran Gambiya ma an fara hana su. Sai da duniya ta yi ca sannan aka buɗe musu ƙofa, 'yan matan nan suka koma gida da lambar azurfa ta jaruntaka.

A lokacin nan, makarantun sakandare na gwamnati a Borno ba su cika shekara da sake buɗewa ba, bayan an rufe su a 2014 saboda rikicin Boko Haram. Amma hannu bai mutu a garin ba. A nan Maiduguri ne Mustapha Gajibo ya shiga mai da ƙananan bas-bas masu shan fetur su koma amfani da lantarki. A ganinmu, yaron Fezzan da ke kwance tsohuwar rediyo ya ɗaura wa motar gwangwani injinta ba basira ya rasa ba. Bai sami malamin da zai zaunar da shi da 'yan'uwansa huɗu ba ne, ya ce wannan ya riƙe waya, wancan ya rubuta umarnin kwamfuta, in abin ya ƙone a sake gobe.