Reiki: yadda ake naɗa malamin warkarwa da ɗora hannu

Ma'aikatanmu da suka taɓa zuwa sitaj ƙasar Faransa, da ƴan kasuwarmu masu leƙa intanet a wayar hannu, babu mamaki sun ci karo da wata irin talla mai ɗaukar hankali: ka biya kuɗi kaza, ka zauna kwana biyu ko uku, ka fito da takardar shaida cewa ka zama malamin Reiki, mai warkar da jama'a da tafin hannunsa, mai ikon naɗa wasu malaman kuma. A wurin wanda ya san shekarun da lokotoro yake shafewa a jami'a kafin a ba shi izinin taɓa majinyaci, wannan magana tana bukatar a tsaya a duba ta.

Reiki kalmar Japananci ce. Masu aikin suna cewa akwai wani ƙarfi na rai da ya game duniya, wanda yake ratsa jikin mai warkarwa ya fita ta hannuwansa zuwa jikin maras lafiya. Ba a shan komi, ba a shafa komi, ba a tsaga. Majinyaci yana kwance da tufafinsa, ana ɗora masa hannu a kai, da ƙirji, da ciki, da baya, kowane wuri ƴan mintoci, har a cika wajen awa guda.

Wanda ya kafa abin shi ne Mikao Usui, mutumin Japan da aka haifa a 1865. Almajiransa sun ce a 1922 ya hau dutsen Kurama, arewa da birnin Kiyoto, ya yi kwana 21 yana azumi da halwa, ya sauko da wannan baiwa. A shekarar ya buɗe ƙungiyarsa a Tokiyo. Girgizar ƙasar da ta rugurguza birnin a 1923 ta ƙara masa suna, domin ya shiga cikin waɗanda suka jikkata yana ɗora musu hannu. Ya rasu a 1926. Dutsen tunawa da aka kafa kusa da kabarinsa a 1927 ya ce ya koyar da mutum sama da 2000. Daga cikin wannan taro, waɗanda ya ba izinin koyarwa ba su wuce ashirin da ƴan kai ba.

Karatun hawa uku ne. Na farko, wanda Japanawa ke kira Shoden, a nan ake koyon wuraren ɗora hannu, ana fara gwadawa a kan kai da iyali, ana kuma haddace wasu ƙa'idodi biyar na zaman duniya da suka shafi barin fushi da damuwa, da yin godiya, da riƙe aiki da gaskiya, da kyautata wa mutane. Babu abin ɓoyewa a ciki. Asirin yana farawa daga hawa na biyu, wato Okuden, ma'ana karatun ciki.

A Okuden ake ba almajiri zane uku, kowane da sunansa da ake maimaitawa sau uku a zuci. Na farko wai yana ƙara ƙarfin abin da ke fita daga hannu. Na biyu na damuwar zuciya ne da mugayen ɗabi'u. Na ukun, wanda ya fi su wuyar zanawa domin haruffan Japananci ne da aka sarƙa, shi ne na warkarwa daga nesa: mutum yana zaune a ɗakinsa, ya riƙe hoton majinyaci, ko ya ɗauki matashin kai a madadinsa, ya ce yana aika masa lafiya zuwa wani gari. Almajiri yana zana su da yatsa a iska ko a tafin hannu, sau ɗari sau dubu, har hannu ya saba da tsarin da layukan ke bi, domin an ce in aka fara daga inda bai kamata ba zanen ya ɓaci.

Amma in ka tambayi malaman, za su ce maka haddar zane kaɗai ba ta ba mutum komi. Abin da ke buɗe ƙofa wani ɗan biki ne da Japanawa ke kira reiju. Almajiri yana zama a kujera, idonsa rufe, tafukansa haɗe a gaban ƙirji. Malami ya tsaya bayansa, ya zana alamomin a saman kansa, ya dafa kafaɗunsa, ya zagayo gaba ya buɗe masa tafuka ya zana a ciki, ya ɗan bubbuga su, ya hura musu iska. Mintoci kaɗan an gama. Daga wannan lokaci, in ji su, hanya ta buɗe, kuma ba ta sake rufewa har mutuwa. Yawancin makarantun Turai da Amurka suna ƙara cewa almajiri ya yi kwana 21 yana ɗora wa kansa hannu kullum, don tunawa da halwar Usui.

Hawa na uku, Shinpiden, shi ne na malanta. A nan ake ba da zane na huɗu, a kuma koya wa mutum yadda shi ma zai yi wa wasu reiju. To, jama'a, ku lura da kyau: a duk wannan tsani babu jarrabawa irin wadda muka sani a lakkol, inda mushe zai duba kaye ya ce wannan daidai, wannan kuskure. Ba a auna ko hannun almajiri yana warkarwa. Abin da yake fita da shi izini ne, da jerin sunaye: wane ya buɗe mini, shi kuma wane ya buɗe masa, har a tuƙe ga Usui. Mu da muka san ijaza da salsalar malamai a karatun zaure, siffar ba baƙuwa ba ce gare mu. Sai dai a zaure akwai littafi, ana biya shi baƙi da fassara, kuma wani malamin na dabam yana iya titsiye almajiri ya gane ko ya iya ko bai iya ba.

A Japan ta zamanin Usui, abin da ya maye gurbin jarrabawa shi ne daɗewa. Ƴan ƙungiya suna taruwa a kai a kai, ana maimaita musu reiju, ana horar da su su riƙa jin wurin ciwo da tafin hannu, ta hanyar zafi ko tsikari ko zugi. Sai malami ya gamsu yake ɗaga mutum gaba, kuma mafi yawa ba sa kaiwa ƙarshe.

Yadda abin ya ƙetare teku labarin mace guda ne. Hawayo Takata ƴar Japanawa ce masu aikin rake a tsibiran Hawai, an haife ta a 1900. Mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa biyu, ga rashin lafiya. A 1935 ta je Tokiyo neman magani, ta faɗa hannun Chujiro Hayashi, tsohon hafsan sojan ruwa kuma almajirin Usui, wanda ke da gidan jinya na Reiki. Ta ce ta warke a can. Ta zauna ta yi aiki a gidan, kuma a 1938 Hayashi ya naɗa ta malama a Hawai.

Takata ta riƙe abin da hannu biyu. Ba ta yarda almajiri ya tafi gida da zanen a rubuce ba. A haddace, a ƙona takardar. Fiye da shekara talatin ba ta naɗa kowa ba. Sai tsakanin 1970 da rasuwarta a 1980 ta naɗa malamai 22, kuma kuɗin naɗin dala 10 000 ne. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. Ko a canjin yau ya haura miliyan biyar na sefa, balle a wancan zamani. Hujjarta ita ce mutum ba ya darajanta abin da ya samu a banza. Ita ce kuma ta baza labarin cewa Usui malamin Kirista ne da ya shugabanci wata jami'a a Kiyoto, ya yi karatu a Cikago. Masu bincike da suka bi sawu a shekarun 1990 ba su sami sunansa a ko ɗaya daga jami'o'in biyu ba, kabarinsa ma a harabar wani ɗakin ibadar Buda yake. Ana kyautata zaton ta gyara labarin ne don Amurkawa su karɓa, a lokacin da tabon yaƙi da Japan bai gama warkewa ba.

Da ta kau, sai gida ya rabu. Jikanyarta Phyllis Furumoto ta ce ita ce magajiya, wasu malamai suka kafa ƙungiya a bayanta a 1983, suka riƙe tsohon farashi da sharaɗin almajiri ya bi malaminsa shekara ko fiye. Barbara Ray ta ce a'a, ita aka bar wa cikakken sirrin, ta buɗe tata makaranta. Wata kuma daga cikin 22 ɗin, Iris Ishikuro, ta karya farashin. Da malaman suka zauna suka gwada zanen da kowa ya haddace, sai aka tarar ba su zo daidai da juna ba; abin da ba a rubuta ba, kowa da yadda ya riƙe shi. A 1995 wata marubuciya Ba'amurkiya, Diane Stein, ta buga zanen duka a littafi, asiri ya zama na kanti.

Tun daga nan tsanin ya yi ta gajarta, rassa kuma suka yi ta yawa. Wasu makarantu sun raba hawa na uku gida biyu, suka sa wa kashin farko suna horo mai zurfi, suka cusa masa abubuwan da Usui bai san da su ba, kamar jera duwatsu masu ƙyalli a kewaye da hoton majinyaci. Wasu sun ƙago sababbin zane suka yi musu rajista kamar tambarin haja. Yau ana naɗa malami a kwana uku, ana ma yin reiju ta intanet, malami bai taɓa ganin almajirinsa ido da ido ba. A ganina laifin ba na masu araha kaɗai ba ne. Tunda babu ma'aunin da zai bambanta hannun wanda ya biya dala 10 000 da na wanda ya biya 50, da wace hujja mai tsada zai kori mai araha?

Masana kimiyya ba su gano wannan ƙarfi da wata na'ura ba. Bitar da wasu masu bincike a Ingila suka yi wa gwaje-gwajen Reiki a 2008 ta ƙare da cewa babu isasshiyar hujja da ke nuna yana maganin wata cuta. Gwajin da ya fi suna ma wata yarinya ce ta yi shi a Amurka, Emily Rosa, tana da shekara 9, a kan wata hanya ƴar uwar Reiki wadda masu ita ke cewa suna jin ƙarfin jikin mutum ba tare da taɓa shi ba. Ta sa su zura hannuwa ta ƙarƙashin kwali, ta riƙa ɗaga nata hannun a saman ɗaya, su faɗi wanne. Mutum 21, gwaji 280, suka dace sau 123, wato kashi 44 cikin ɗari, ƙasa da abin da mai canke zai samu. Mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga sakamakon a 1998.

Duk da haka wasu gidajen likita a Amurka da Ingila suna barin masu Reiki su shiga wurin majinyata, musamman masu ciwon daji, don kwantar da hankali. Wannan ba abin mamaki ba ne: wanda aka zauna kusa da shi awa guda cikin natsuwa, aka dafa shi da tausayi, zai ji sanyi a ransa. Malaman cocin Katolika na Amurka kuwa sun hana shi a gidajen jinyarsu tun 2009. A Faransa gwamnati ba ta san da difilom ɗin Reiki ba, kuma Miviludes, hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin da ke juya tunanin mutane, ta sha yin gargaɗi a kansa. Abin da take tsoro biyu ne: almajirin da ake ja daga hawa zuwa hawa har aljihunsa ya ƙare, da majinyacin da zai ajiye maganin lokotoro ya dogara da tafin hannu. Wanda ya ce wa maras lafiya ga cutarka, ko ya ce masa daina shan magani, alhali takardar kwana uku ce kawai a hannunsa, dokar Faransa tana ɗaukarsa a matsayin mai aikin likita ba da izini ba, kuma hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara biyu.