Pedal steel: jitar da ake kaɗawa da hannu da ƙafa da gwiwa

Duk wanda ya taɓa sauraron waƙoƙin Don Williams a rediyo, ko kiɗan juju na King Sunny Ade, ya ji wani sauti mai santsi da ke hawa yana sauka a bayan muryar mawaƙin ba tare da ya yanke ba, kamar mutum na rera waƙa bakinsa a rufe. Masu sauraro da yawa kan ɗauka goge ne irin na Turawa. Jita ce, sai dai ba irin wadda ake ratayawa a kafaɗa ba. Sunanta pedal steel, kuma a Amurka aka ƙera ta. Duk ƙarafan da aka jibga mata aiki ɗaya suke yi: su bai wa makaɗi damar lanƙwasa sauti yayin da tsirkiya ke cikin amo, yadda muryar ɗan Adam ke yi.

Yadda aka gina ta

Wanda ya fara ganinta zai iya ɗauka keken ɗinki ne. Akwati ne dogo a kan ƙafafu huɗu, tsirkiyoyi na shimfiɗe a samansa, makaɗi kuma na zaune a gabansa kamar tela. Wuya ɗaya yakan ɗauki tsirkiya 10. Ƙwararru da yawa suna amfani da mai wuya biyu, wato tsirkiya 20, da feda 8 a ƙasa, da maɓallan gwiwa 4 ko 5 da ke rataye a ƙarƙashin akwatin.

A hannun hagu makaɗi na riƙe da guntun ƙarfe mulmulalle mai nauyi, wanda yake zamewa da shi a kan tsirkiyoyin. Daga wannan ƙarfe rabin sunan ya samo asali, domin steel da Ingilishi ƙarfe ke nan, ɗaya rabin kuma daga fedar ne. Ba a danne tsirkiya har ta taɓa katako kamar yadda ake yi a jitar da aka saba gani. Layukan da ke ƙasanta zane ne kawai na nuna hanya. Saboda haka kunne ne alƙali, kamar dai wurin mai goge ko mai kukuma: idan ƙarfen ya goce ko da kaɗan ne, kowa zai ji.

Hannun dama yana sanye da farata uku, na roba a babban yatsa, na ƙarfe a manuniya da yatsan tsakiya. Da su ake tsinkar tsirkiya, kuma da su ko da gefen tafin hannu ake kashe sautin da aka gama da shi, don kada ya cuɗe da na gaba. Ƙafar hagu tana taka fedar da ke sauya sauti. Ƙafar dama tana kan wata feda daban mai ƙara amo ko rage shi. Makaɗi yakan tsinki tsirkiya amo na ƙasa, sannan ya riƙa takawa a hankali yayin da sautin ke mutuwa, shi ya sa ake jin kamar ba ya ƙarewa.

Idan aka taka feda, sandar ƙarfe ce ke juya wata a ƙarƙashin akwatin, ita kuma ta ja ɗan yatsan ƙarfen da ƙarshen tsirkiya ke maƙale a jikinsa. Tsirkiya ta ƙara ɗaurewa, sauti ya hau. Wasu maɓallan kuma sassauta ta suke yi, sauti ya sauka. Wanda ya san kalangu ya riga ya san dabarar: makaɗi na matse igiyoyin a hammata, fata ta ɗaure, murya ta tashi, ya saki ta sauka.

Daga Hawai zuwa Nashville

Asalin kaɗa jita a kwance da guntun ƙarfe daga tsibiran Hawai ne. Galibi ana danganta shi da Joseph Kekuku, wanda aka haifa a 1874, ya kuma gano salon tun yana yaro ɗan makaranta. Baje kolin duniya da aka yi a San Francisco a 1915 ya sa kiɗan Hawai ya mamaye Amurka, daga nan faifansa suka bazu a duniya. Har yau Faransawa guitare hawaïenne suke kiran wannan jita ta kan cinya.

Matsalarta ita ce rashin amo a cikin taron makaɗa. Wannan ya sa ta zama jitar lantarki ta farko da ta shiga kasuwa: George Beauchamp ya ƙera ta a 1931, kamfanin da daga baya aka sani da Rickenbacker ya fara sayar da ita a 1932, aka kuma yi mata laƙabi da kaskon suya saboda siffarta. Matsala ta biyu ita ce ƙarfe miƙaƙƙe ba ya iya fitar da haɗin sauti iri-iri. Sai makaɗa suka riƙa ƙara wuya, biyu, uku, har huɗu, kowanne da saitinsa. Feda ta zo ne don rage wannan wahala. Da farko ana taka ta ne kafin a tsinki tsirkiya, a sauya saiti a ɓoye.

Bud Isaacs ne ya juya lamarin. A waƙar Slowly ta Webb Pierce, wadda aka ɗauka a ƙarshen 1953, ya taka fedar jitarsa ƙirar Paul Bigsby yayin da tsirkiyoyin ke amo, aka ji sauti biyu na hawa, sauran na tsaye. Waƙar ta yi mako 17 a kan gaba a jerin waƙoƙin kantiri a 1954. Makaɗa suka bazama suna ɗaura wa jitocinsu wayoyi da tsofaffin totur na mota don su sami wannan sauti. A 1956 Buddy Emmons ya raba aikin fedar Isaacs gida biyu, kowace feda ta ja nata tsirkiyoyin. Jimmy Day ma ya yi haka, amma ya jera su akasin na Emmons. Har yanzu mai sayen jitar sai ya zaɓa: tsarin Emmons ko tsarin Day.

Saitin tsirkiya

Masu amfani da Ingilishi suna kiran sautuka da haruffa, C, D, E, F, G, A, B. Waɗanda suka yi karatu da Faransanci suna kiransu do, re, mi, fa, sol, la, si. Alamar # tana nufin an ɗaga sautin da rabin mataki.

Saitin da ya fi shahara shi ne E9, wanda aka gina a kan mi. Daga tsirkiyar da ta fi nisa da makaɗi zuwa ta kusa da shi, jerin shi ne F#, D#, G#, E, B, G#, F#, E, D, B. A tsarin Emmons, feda ta farko tana ɗaga tsirkiyoyin B biyu zuwa C#, ta biyu kuma tana ɗaga G# biyu zuwa A. Idan aka taka su tare, haɗin mi ya koma haɗin la ba tare da an motsa ƙarfen ba. Wannan shi ne kukan da aka san kiɗan kantiri da shi. Wuya na biyu yakan kasance a saitin C6, wanda ke da tsirkiyoyi masu kauri da murya ƙasa-ƙasa, ya fi kuma dacewa da kiɗan jaz.

A nan ne gardamar da ba ta ƙarewa take. Masana sun raba kowane rabin mataki kashi 100. Tazarar da ke tsakanin E da G# a kan fiyano kashi 400 ce, amma kunne ya fi jin daɗinta a wajen 386, inda sautukan biyu ke narkewa ba tare da rawa ba. A jitar da sauti ke daɗewa haka, bambancin kashi 14 yana fitowa fili. Don haka makaɗa da yawa kan sassauta G# kaɗan, wasu kuma su bi na'urar awo daidai don kada su saɓa da fiyano. Kowane ɓangare yana da gwanayensa.

Saitin bai tsaya kan tsirkiya kaɗai ba. Kowace feda da kowane maɓallin gwiwa na da wurin da ake juyawa don a tsayar da iyakar jansa. Idan an taka feda da yawa, akwatin kansa yakan ɗan lanƙwashe, sauran tsirkiyoyin su sauka kaɗan. Zafi da sanyi ma suna taɓa ƙarfe. Tsirkiya ta uku kuwa, wadda kaurinta yakan kasance inci 0.011, ita ce ta fi tsinkewa, saboda jan da take sha kullum daga G# zuwa A.

Maɗaukin sauti

Jitar ba ta da ƙoƙon da zai ƙara mata amo, don haka komai ya dogara ne ga maɗaukin sautin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi a wajen hannun dama. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. Idan tsirkiya ta yi rawa a samansa, sai a sami 'yar wutar lantarki a cikin wayar, wadda amfilifaya ke ƙarfafawa ta miƙa wa sifika.

Iri biyu ne. Mai naɗi ɗaya yana ba da sauti garau mai kaifi, irin na tsofaffin faifan Nashville, amma yana kwaso gunjin wutar lantarki daga wayoyin gida, fitilu da janareta. Wannan gunji sau 50 yake bugawa a daƙiƙa a ƙasashen Afirka da Turai, sau 60 a Amurka. Mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson a 1955, yana da naɗi biyu masu saɓa wa juna, sai gunjin ɗaya ya kashe na ɗayan. Sautinsa ya fi kauri, kaifinsa ya ɗan ragu. Ga makaɗin da ke aiki a wuraren biki da janareta, mai naɗi biyu yakan fi rufin asiri.

Maɗaukin pedal steel ya fi na jitar hannu yawan naɗi. Idan aka auna, na Fender Stratocaster yakan nuna om 6,000 ko kusa da haka, na pedal steel kuwa yakan kai 17,000 zuwa 20,000, don a tausasa kaifin siraran tsirkiyoyi. Tazarar da ke tsakaninsa da tsirkiya ma tana da tasiri: idan ya matso da yawa sauti ya yi kaushi, idan ya yi nisa ya yi rauni. Amfilifayar da ake so ita ce mai ƙarfi wadda ba ta dagula sauti, yawanci da sifika mai faɗin inci 15.

Gwanayen da ake koyi da su

Buddy Emmons, wanda ya rasu a 2015, shi ne wanda makaɗa suka fi ambata. Ya kafa kamfanin Sho-Bud tare da Shot Jackson, daga baya ya ƙera jita mai sunansa, ya kuma fitar da faifan jaz a 1963 a lokacin da ake ganin kayan kiɗan na kantiri ne kawai. Lloyd Green ya shahara da tsabtar hannu da rashin yawan surutu a kiɗa, kuma shi ake ji a waƙoƙin Don Williams da dama. Ralph Mooney ya fito da salon California mai kaifi da tsalle. Pete Drake ya kai ta faifan Bob Dylan da George Harrison, Paul Franklin kuma ya zaga duniya da ita tare da ƙungiyar Dire Straits.

Akwai wata jijiyar daban a majami'un baƙaƙen fatar Amurka na ɗarikar House of God, inda tun shekarun 1930 jitar ƙarfe ke jagorantar waƙar ibada, tana amsa wa mai wa'azi kamar murya. Daga nan Robert Randolph ya fito da jitarsa mai tsirkiya 13.

Yadda ta iso Afirka ta Yamma

Salon Hawai ya daɗe da shigowa nahiyar ta hanyar faifai, kuma a Kinshasa Docteur Nico ya yi suna da shi. Pedal steel kuwa ta sami gida ne a Legas, lokacin da King Sunny Ade ya shigar da ita cikin makaɗansa a ƙarshen shekarun 1970, a hannun Demola Adepoju. Yarbanci harshe ne mai karin sauti kamar Hausa, kuma kiɗan juju ya riga ya saba da ganga mai magana, 'yar'uwar kalangu. Jitar da ke hawa da sauka tsakanin sautuka ta zauna a cikinsa daram.

Faifan Juju Music na 1982, wanda Bafaranshe Martin Meissonnier ya shirya wa kamfanin Island, aka kuma ɗauka a Lome, shi ya kai wannan sauti kunnen Turai da Amurka. Amurkawa suka ji kayan kiɗansu na magana da wani harshe. Bayan shekara huɗu, da Paul Simon ya buƙaci pedal steel a waƙarsa Graceland, wadda ke batun tafiya birnin Memphis, Adepoju ne ya kaɗa.

Duk da haka masu kaɗa ta ba su da yawa a nahiyar. Tana da tsada, mai wuya biyu a cikin akwatinta takan kusanci kilo 30, kuma tsirkiyoyi da ƙarafanta sai an yi odarsu daga waje. Malaman wannan kiɗa kan shawarci mai koyo ya fara da abin da ke hannunsa: ya sami jita mai tsirkiyar ƙarfe, ya ɗaga tsirkiyoyin daga wuya da ɗan ƙarfe ko ƙashi, ya saita su yadda za su ba da haɗin sauti ɗaya idan an kaɗa su a sake, ya kwantar da ita a cinya, ya nemi guntun ƙarfe mai sulɓi. Riƙon ƙarfe, kashe sauti da horar da kunne duk a nan ake koyonsu, kuma su ne suka fi cin lokaci. Feda tana zuwa daga baya.