Taro a Yelu: a gyara murya kafin a soma magana

A Yelu, cikin gundumar Gaya ta jihar Doso, kusa da iyakokin Najeriya da Benin, idan an kira taro kan taki ko allurar rigakafi, ana magana da Hausa, tafinta ya maida da Zabarmanci. In na'urar haɗa murya ta yi ƙugi, manomin da ke baya sai ya koma gida bai ji kome ba. Wahalar tafiya ta zama banza.

Ga abin da ya kamata mai kula da na'ura ya sani. Da farko ya sa mai jawabi ya yi magana yadda ya saba, makirho na nesa da baki kamar taƙi ɗaya. Sannan ya murɗa maɓallin shigar murya sannu sannu har allura ta kusa sifili. Jar fitila in ta kama, ƙarfi ya yi yawa, a rage.

Na biyu, gyaran amo. A yanke abin da ke ƙasa da hertz 100, domin can ne hucin iska da gunjin lantarki mai hertz 50 suke. A ɗan ƙara tsakanin 2000 da 4000, inda baƙaƙen magana ke fita sarai.

Ƙugin nan da ake kira Larsen yana zuwa ne idan makirho ya ji lasifika. Maganinsa: lasifika gaba, makirho baya, wanda ba a aiki da shi a kashe.

Ma'aikata, a gwada na'ura tun jama'a ba su taru ba.