Mazubin tokar sigari: ya rasa aikinsa, ya koma kayan ado

Ga rubutaccen shirin wannan makon ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau kan wani ɗan ƙaramin abu za mu yi magana, mazubin tokar sigari. Wannan ɗan farantin mai gurbi biyu ko uku a baki, inda mai shan sigari ke ɗora karansa. Na san wani ya riga ya ɗaure fuska, to a yi haƙuri, ba tallan sigari muka zo yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, kuma babu adon da zai goge wannan. Abin da ya ja hankalina shi ne, a Turai da Amurka yanzu matasan da ko sau ɗaya ba su taɓa kunna sigari ba su ne ke bin kasuwannin gwanjo suna sayen tsofaffin mazuban toka suna jerawa a falo. Me suka gani a ciki?

Sai mun ɗan koma baya. A 1965, kusan kashi 42 cikin 100 na manyan Amurka suna shan sigari. Ana sha a ofis, a jirgin sama, a banki, har a ɗakin jiran likita. Saboda haka duk inda akwai tebur, akwai mazubin toka a kai. 'Yan kasuwa suka lura cewa ga wani abu da mutum zai zauna yana kallo na tsawon awa guda yana hira, sai suka mayar da shi allon talla. Kamfanonin taya irin su Firestone da Goodyear suna yin ƙaramar tayar roba ta gaske, su saka gilashi a tsakiyarta. Michelin na Faransa ya yi nasa da wannan mutum-mutumin mai jikin tayoyi zaune a gefe. Otal-otal da gidajen abinci kuwa sunansu suke bugawa, kuma sun san sarai baƙi za su zura a aljihu. Gidan abincin Quaglino's na Landan, wanda Terence Conran ya sake buɗewa a 1993, mazubinsa na ƙarfe mai siffar harafin Q ya yi suna ne saboda yawan sace shi da aka yi, dubbai suka yi ƙafa.

Daga nan sai lamarin ya juya. A watan Janairun 1964 babban likitan gwamnatin Amurka, Luther Terry, ya fitar da rahoton da ya danganta sigari da kansar huhu. A hankali dokoki suka biyo baya. Ayalan ce ƙasa ta farko da ta hana shan sigari a dukkan wuraren aiki na cikin gini, a 2004. Italiya ta bi a 2005, Ingila a 2007, Faransa ta kai dokar gidajen shan kofi da mashaya a 2008. Cikin 'yan shekaru miliyoyin mazuban toka suka zama ba su da aikin yi. Wasu aka zubar, wasu aka tura sito. Kun san kuma halin kasuwa, abin da aka daina yi kuma ake ta zubarwa, ragowarsa ce ke yin daraja.

Af, kafin in manta. Wannan ramin da kuke cajin waya a mota, asalinsa na kunna sigari ne. Kuma idan kun shiga banɗakin jirgin sama, ku duba jikin ƙofa, har yau akwai ɗan mazubin toka duk da an haramta sha. Dokar jiragen sama ta Amurka ce ta wajabta shi, don idan wani mai taurin kai ya karya doka, gara ya kashe a can da ya jefa cikin kwandon takardu wuta ta tashi.

To wane iri masu tarawa suka fi nema? Nan ne labarin ya fi daɗi. Sarkinsu dai gilashin Murano ne. Murano tsibiri ne kusa da birnin Venice a Italiya, inda aka kwashe masu aikin gilashi aka kai tun 1291 saboda tsoron kada murhunsu ya ƙone gari. A shekarun 1950 da 1960 sun yi mazuban toka masu kauri da nauyi, da wata dabara da suke kira sommerso, wato nutsarwa. Za a ɗebo narkakken gilashi mai launi, a tsoma shi cikin wani launin, sannan a lulluɓe duka da fari tas. Idan ka ɗaga shi a hasken taga sai ka ga ja na iyo cikin rawaya, launukan ba su cakuɗe ba. Flavio Poli na cikin waɗanda suka yi fice a wannan salon. Wallahi ko ba ka san aikin me aka yi shi dominsa ba, sai ka tsaya ka kalla.

Akwai kuma na manyan masu zayyana. A 1957 Bruno Munari ya zana wa kamfanin Danese na Milan wani da ya kira Cubo. Ɗan akwati ne mai kusurwa huɗu, an lanƙwasa siririn farantin alminiyom an zura a ciki, ta yadda guntayen sigari ke faɗawa ƙasa su ɓuya, ba a ganin ƙazantar. Arne Jacobsen na Denmak ya yi wa Stelton nasa na ƙarfe a 1967, kwano ne da ake juyawa toka ta zube cikin gindi. Wannan ya nuna muku yadda aka ɗauki abin da muhimmanci a lokacin, mutumin da ke zana manyan gine-gine ya zauna yana tunanin inda toka za ta faɗa.

Mu fa wannan ɗabi'a ba baƙuwarmu ba ce. Ku tuna jeren ɗakin amarya na da, kwalla da samira da tangaran tun daga ƙasa har kusa da rufi, yawancinsu ba a taɓa zuba musu miya ba. Kwano ne, amma aikinsa a kalle shi. Haka mazubin toka ya koma a can. Waɗanda ke son ya yi aiki kuma suna ajiye shi bakin ƙofa don makulli da canji, ko gaban madubi don zobe da 'yan kunne da agogo. Faransawa na da suna ga irin wannan farantin, vide-poche, wato abin zazzage aljihu. Wasu na jera uku ko huɗu masu launi ɗaya a kan kanta, wasu na kafe marasa zurfi a bango kamar faranti.

Sai dai ga inda nake so a buɗe kunne. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi tashe a hotunan Instagram, irin mai kusurwa uku da aka rubuta Cinzano, ko rawayan nan na Ricard, ko na Martini, tallan giya ne. Sunan ya yi kama da na ado, amma kamfanonin barasa ne. Kada ka je ka ɗora a tsakiyar falo, kawu ya zo ya tambaye ka ma'anar rubutun ka rasa ta cewa. A ganina ma duk wanda ke ɗauke da sunan kamfanin sigari bai dace da gidan da yara ke tasowa ba, domin an ƙera shi ne don sunan ya zauna a ido, kuma har yau yana wannan aikin. Na gilashi zalla, na otal, na kamfanin taya ko jirgin sama, waɗannan ba su da wannan matsalar.

Sannan kada a zuba dabino ko alewa ko goro a ciki. Tsohon gilashin kiristal na ɗauke da dalma, haka fentin wasu tsofaffin tangaran. Akwai kuma wani gilashi mai launin kore-rawaya da aka haɗa da sinadarin yuraniyom, wanda ke ƙyalli idan aka haska masa irin fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita. Masu tarawa na son sa, a ajiye a kanta ba laifi, amma ba na cin abinci ba ne. Kuma 'yan uwa mata, na san tunanin da ya zo muku: kaskon turaren wuta. A'a. Zafin garwashi zai iya tsaga gilashi mai kauri, na roba kuma ya ƙone. In dai ana so, a zuba yashi a ciki a soka turaren tsinke.

Batun jabu kuma, idan mai sayarwa a eBay ko Etsy ya rubuta cewa kayan salon Murano ne, to ya gaya maka da bakinsa ba a Murano aka yi ba. Tambarin Vetro Artistico Murano da ake liƙawa a yau, dokar da ta kafa shi ta 1994 ce, don haka wanda ya nuna maka shi a jikin abin da ya ce na 1960 ne, maganarsa ba ta haɗu ba. Juya gindin ka duba. Na hannu gindinsa a goge yake sumul, da 'yan ƙananan ƙarce na shekarun da ya yi yana zama a tebur. In ka ga layin haɗi ya ratsa gefe, a injin aka zuba shi. Shafa yatsa a baki ko akwai ɓalli, domin ɗan ɓalli kaɗan yana karya farashi, kai ma sai ka yi ciniki da shi.

Wankewa kuwa ruwan ɗumi da sabulu ya isa, warin da ya ƙi fita a jiƙa da ruwan khal. Ban da soson ƙarfe, yana kankare rubutun, kuma rubutun ne rabin kuɗin. Kada a fito da gilashi daga ruwan zafi a tsoma a na sanyi.

Nan za mu dakata. Wanda ya tono irinsa a tsohuwar kabad ɗin gidansu, ya ɗauki hoton sama da na gindi ya turo mana mu gani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.