Ɗakunan Da Suka Raini Magazin: Darajar Tsofaffin Gidajen Ma'aikata A Kumasi

Da hantsi a Magazin, matattarar kanikawa ta Suame da ke Kumasi a Ghana, mutum ba ya jin maganar na kusa da shi sai an ɗaga murya. Guduma na dukan ƙarfe, masu walda na feshin tartsatsi, yaran kanikawa sun tallabo injin mota su huɗu suna neman hanya. Amma wanda ya bar bakin titi ya kutsa lungunan baya zai tarar da wata duniya daban: tsofaffin gidaje gajeru, wani lokaci biyu manne da juna bango ɗaya ya raba su, kwanonsu ya yi jawur da tsatsa, tagoginsu na katako, dakalin ƙofa ya yi santsi saboda yawan zama.

Dillali in ya kalle su fili kawai yake gani. Alhali kuwa irin waɗannan ɗakuna su ne shaidar da ta rage ta yadda baƙo da lebura suka gina Kumasi.

Goro ne ya fara jawo Bahaushe ƙasar Tonawa, wato Asante. Shekaru aru-aru ayarin fatake daga Kano da Katsina na sauka a Salaga, babbar kasuwar Gwanja. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, Turawan Ingila kuma suka shiga Kumasi a 1896, sai harkar ta gangaro kudu. Jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso a 1903, ya zo da aikin dako da na gini da na gadi. Hausawa da Mosawa da Dagombawa da Yarbawa da Zabarmawa suka yi sansani wuri guda, aka kira shi da sunan da fatake suka saba kiran masaukinsu: zango.

A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a Kumasi, ta fi yin ɓarna a tsohon Zango inda cunkoso ya yi yawa. Gwamnatin mulkin mallaka ta rushe gidaje, ta gina wa waɗanda aka tasa jerin ɗakuna a wurin da ake kira Sabon Zango. Masu nazarin tarihin gidaje a Ghana na lissafa wannan aiki cikin na farko-farkon gidajen da hukuma ta gina wa talakawa a ƙasar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙara da rukunin gidajen Asawase, a zamanin da masu zanen gini Maxwell Fry da Jane Drew suka tsara taswirar birnin ta 1945. Ke nan duk wani ɗaki na wancan zamani da ke tsaye yau, ko dai ya kusa cika shekara ɗari ko ya doshi tamanin.

Shi kuwa Magazin, sunansa ya samo asali ne daga ma'ajiyar makaman soja ta zamanin Turawa, wadda masu gyaran mota suka fara taruwa kusa da ita a shekarun 1930, kafin a mayar da su Suame. Yau ana sa shi cikin manyan cibiyoyin masu sana'ar hannu a Afirka, ƙiyasin da aka fi ambata kuwa shi ne mutum wajen 200,000. Ana yawan ba da labarin basirarsu, yadda suke ƙera gangar jikin babbar mota ko injin niƙa daga ƙarfen da wani ya yar. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne inda suke kwana.

Amsar tana cikin gidan haya na zango. Ɗakuna ne a jere sun kewaye tsakar gida, kowane ɗaki iyali guda, ko kuma yaran maigida huɗu ko biyar da suka zo koyon sana'a daga arewa. Makewayi ɗaya, wurin wanka ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Tun kafin kiran assalatu matan gida sun hura wuta, tukunyar koko na tafasa, ƙosai na soyuwa, ana haɗa shinkafa da wake da karan dafi, abincin da duk Ghana ta sani da waakye, sunan da ya fito daga bakin Bahaushe. A zaure malam na biya wa yara allo. Baƙin hayaƙin da ke bangon madafa, da zanen tsayin yara a jikin ƙyaure, da ƙusar da aka rataye kayan aiki shekara arba'in, duk bayanai ne da babu su a kundin gwamnati.

Wasu gidajen ma na ɗauke da tabon 1969, lokacin da gwamnatin Ghana ta Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar. Mutanen da aka haifa a zango suka sayar da gida da araha, ko suka damƙa mabuɗi ga maƙwabci suka hau mota. Har yanzu akwai iyalai a Najeriya da Nijar da ke ambaton gidan kakansu na Kumasi.

Birnin ya san darajar tarihi. Fadar sarkin Asante ta Manhyia, ginin 1925, ta zama gidan tarihi a 1995, ganuwar sojan Turawa da ke tsakiyar gari ita ma gidan tarihi ce, UNESCO kuma ta sa tsofaffin gine-ginen gargajiya na Asante cikin kayan tarihin duniya tun 1980. Duk sun cancanta. Sai dai na sarakuna ne da mayaƙa da wuraren bauta. Kuma da yake sojojin Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, ginin da ya girmi wannan shekarar ba shi da yawa a garin, abin da ke ƙara wa ɗakunan leburori daraja.

Wasu ƙasashe sun riga sun gane haka. A Ingila, ƙauyen Saltaire da aka gina wa ma'aikatan masaƙa ya shiga jerin UNESCO a 2001. A New York ta Amurka, wani gidan hayar baƙin haure ya zama gidan tarihi a 1988, mutane na biyan kuɗi su ga ɗakin da tela ya kwana da iyalinsa.

Gaskiya ne cewa da yawa cikin gidajen zango sun tsufa, suna yoyo, babu wadataccen bayan gida, kuma babu mai haƙƙin tilasta wa magada su zauna cikin wahala don tarihi. Fili ya yi tsada, benaye na tashi, aikin babbar gadar sama ta Suame da aka ƙaddamar a 2022 ma zai ƙara sauya fasalin unguwar. Ba za a iya ceton duka ba, kuma ba a buƙatar hakan.

Biyu ma sun isa a fara. Majalisar ƙaramar hukumar Suame, da Asusun Raya Zango, da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ghana, tare da sarakunan zango da shugabannin kanikawa, suna iya zaɓar gidaje biyu maƙwabtan juna, a biya masu su haƙƙinsu, a gyara rufi ba tare da sauya kama ba. Sannan a aika ɗalibai da na'urar ɗaukar murya wurin dattawan da suka yi ƙuruciya a cikinsu, tun suna da rai kuma suna tuna wanda ya kwana a kowane ɗaki.