Kafin Motar Ikkilisiya Ta Tashi, A Dubi Tayoyinta

Da zarar lokacin taron Zumuntar Mata, ko na matasa, ko tafiyar Kirsimeti ya ƙarato, za ka ga bas cike maƙil a ƙofar majami'a, an sunkuyar da kai ana addu'ar neman tafiya lafiya. Wannan kuwa daidai ne. Amma cikin masu cewa amin ɗin nan, mutum nawa ne suka zagaya suka dubi tayoyin da za su ɗauki waɗannan rayuka?

Zanen da ke jikin taya aiki gare shi. Ramukansa ne ke fitar da ruwa daga ƙarƙashinta domin roba ta kama kwalta. Idan tayar dama da ta hagu zanensu ya bambanta, ko ɗaya sabuwa ce ɗaya ta suɗe, to, kamunsu ba zai zo ɗaya ba. Ranar da direba ya taka birki da ƙarfi cikin ruwan sama, sai motar ta ja gefe guda. Saboda haka masana ke cewa tayoyin gaba biyu su zama iri ɗaya, na baya ma haka: girma ɗaya, ƙira ɗaya, zane ɗaya.

A Ingila, inda aka fara gwajin lafiyar motoci da ake kira MOT a 1960, bambancin zane kaɗai ba ya kayar da mota a gwaji. Abin da ke kayar da ita shi ne a haɗa tayoyi masu girma dabam, ko radiyal da wadda ba radiyal ba, dama da hagu. Ga ƙananan motoci kuma, tilas zurfin zanen ya kai milimita 1.6. A 2012 wata babbar bas ta yi haɗari a can, mutum uku suka rasu, aka gano tayar gaban da ta fashe ta haura shekara 19. Daga 2021 doka ta hana sa tayar da ta wuce shekara 10 a gaban manyan bas-bas da manyan motocin kaya.

A nan gida Nijeriya, jami'an VIO ne ke duba mota su ba da takardar shaidar lafiyarta, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuwa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin a guji tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. An kuma hana shigo da tsofaffin tayoyi, amma ga 'yan kwatano nan jibge a kasuwa, tsadar rayuwa tana tura mutane gare su. Takardar VIO kuwa, ko an same ta bisa ƙa'ida, shaidar ranar da aka duba motar ce kawai.

To, me dattawa da kwamitin mota za su yi? A gefen kowace taya akwai rubutu. A nemi haruffan DOT, a karanta lambobi huɗu na ƙarshe: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. A gwada lambar girma, kamar 195R15C, a tabbata dama da hagu sun yi daidai. Idan da alamar kibiya, a ɗaura tayar yadda za ta riƙa juyawa ta inda kibiyar ta nuna. A dubi tsagewa ko kumburi, a kuma sa mai faci ya auna iska tun taya ba ta yi zafi ba, har da ta safaya. Motar haya ma, kafin a biya kuɗin shata, a yi mata wannan dubawa.

A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufinsa da kariya, domin kada wani ya faɗo, alhakin jininsa ya hau kan gidan. Haka yake ga ikkilisiyar da ta ɗauki mutane a mota. Idan ma'aji ya ce kuɗi bai isa sayen huɗu ba, a sayi biyu iri ɗaya, ko a karɓi baiko na musamman, ko a ɗage tafiyar. Mu yi addu'a, mu kuma duba taya, gama Ubangijinmu da kansa ya ƙi gwada Allah. Ubangiji ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya. Amin.